In Aka Tilasta Maka Barin Addininka, Wanne Za Ka Shiga?

Tambayar takan taso a hira, musamman inda mabiya addinai daban-daban suka saba da juna: a ƙaddara an sa maka wuƙa a wuya an ce dole ka bar addininka, amma an bar maka zaɓin wanda za ka koma, wanne za ka ɗauka? Wasu su yi dariya su amsa, wasu su ce "Allah Ya kiyaye" su tashi. Sai dai akwai mutanen da abin ya taɓa faɗa wa da gaske.

An taɓa ba wani irin wannan zaɓi kuwa?

Da wuya. Mai tilastawa ba ya baza maka addinai kamar haja ya ce ka ɗauki wanda ya yi maka. Nasa yake so ka shiga. A 1492 Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella na Sifaniya sun ce wa Yahudawa ko baftisma ko barin ƙasa. A 1497 Sarki Manuel na Fotugal ma toshe ƙofar fitar ya yi, aka yi wa galibinsu baftisma ƙarfi da yaji. Musulmin masarautar Kastil ta Sifaniya sun sami irin wannan umarni a 1502, shekara goma bayan faɗuwar Garnaɗa, birnin ƙarshe da ke hannun Musulmi a Andalus, alhali yarjejeniyar miƙa birnin ta yi alkawarin barin su da addininsu. Kuma ba ɓangare ɗaya ke da wannan tabo ba: daular Muwahhidun ta ƙuntata wa Yahudawa da Kiristoci a Magrib da Andalus a ƙarni na 12, a 2014 kuma 'yan ISIS sun ce wa Yazidawa, mabiya wani addini na tsiraru a Sinjar ta Iraƙi, ko musulunta ko mutuwa.

To su wa aka ce sun zauna sun zaɓi addini?

Sarakuna. Wata wasiƙa ta ƙarni na 10 da ake danganta wa Yusuf, sarkin Khazar, mutanen da suka yi mulki a arewacin Tekun Kaspiyan, ta ce kakansa Bulan ya tara malaman addinai uku suka yi ta muhawara ba a kai ga matsaya ba. Sai ya ja limamin Kirista gefe ya ce: tsakanin Musulunci da Yahudanci wanne ya fi? Ya ce Yahudanci. Ya ja alƙalin Musulmi ya ce: tsakanin Kiristanci da Yahudanci fa? Shi ma ya ce Yahudanci. Bulan ya bi wanda ya zo na biyu a wurin kowa. Masana tarihi na jayayya a kan ingancin labarin, amma ita ce dai tambayar tamu, shekara dubu da suka wuce.

Na biyu shi ne Vladimir, sarkin Kiev a ƙasar Rus, a 988. Tsohon tarihin Rus ya ce ya ƙi Musulunci saboda haramcin giya, ya zaɓi Kiristancin Gabas bayan jakadunsa sun dawo suna santin ibadar da suka gani a Kustantiniyya. Akwai kuma auren Anna, 'yar'uwar sarkin Rumawa Basil na Biyu, a cikin lissafin. Da ya gama zaɓensa, sai aka kora mutanen Kiev zuwa kogi aka yi musu baftisma. Su ba wanda ya tambaye su.

Me Musulunci ya ce a kan wanda aka tilasta?

Asalin hukuncin ƙissar Ammar ɗan Yasir ce. Mushirikan Makka sun kashe iyayensa, Yasir da Sumayya, suka azabtar da shi har ya furta abin da suke so. Ya zo wurin Annabi (SAW) yana kuka, aka tambaye shi yaya ya ji zuciyarsa, ya ce a natse take da imani. Malaman tafsiri sun ce a kan haka aya ta 106 ta Suratun Nahli ta sauka, wadda ta cire wanda aka tilasta alhali zuciyarsa na natse da imani. Rangwame ne, ba umarni ba; wanda ya daure irin dauriyar Bilal ya fi lada. Kuma tilas ɗin da ake nufi ita ce barazanar kisa ko azaba mai tsanani, ba tsoron rasa muƙami ba.

A 1504 wani malamin Malikiyya, Ahmad ibn Abi Jum'a al-Magrawi, ya aika wa Musulmin Sifaniya fatawar da ake kira ta Wahran. Ya ce su yi salla ko da nuni ne, su yi taimama in alwala za ta tona musu asiri, su ba da zakka kamar kyauta suke yi, in an ɗura musu giya ko an ba su naman alade su ci suna ƙi a zuci. Ka lura: ba a ce su zaɓi wani addini ba, an koya musu yadda za su riƙe nasu ne a ɓoye.

Sauran addinai fa?

A shekara ta 250 Sarkin Rum Decius ya umarci kowa ya yi yanka ga gumaka a gaban jami'ai ya karɓi takardar shaida. Kiristoci da yawa sun yi, wasu suka sayi takardar da kuɗi. Da ƙura ta lafa coci ta rabu: Novatian, wani limamin coci a Rum, ya ce ba za a karɓe su ba, Cyprian bishop na Kartaj a arewacin Afirka ya ce a karɓe su bayan tuba, kuma ra'ayinsa ne ya yi rinjaye.

A wurin Yahudawa zunubi uku ne ake zaɓar mutuwa a kansu: bautar gunki, kisan kai da alfasha. Babban malaminsu Musa ibn Maimun, wanda ya rayu ƙarƙashin Muwahhidun kafin ya koma Masar, ya ba da shawarar a furta kalmar a tsira da rai, a riƙe addini a gida, a yi hijira da zarar hanya ta samu. Ya kuma ce Musulmi ba masu bautar gunki ba ne.

Laifi ne Musulmi ya amsa tambayar ko da wasa?

Malaman fiƙihu da dama sun ce ƙudurta yin kafirci nan gaba kafirci ne tun yanzu, shi ya sa masu tsantseni ke gudun ta. Amma faɗin wane addini ne ya fi kusa da naka wani abu ne daban. Alƙur'ani da kansa ya bambanta Ahlul Kitabi da mushirikai. A ganina ma amsar ba ta cika nuna ƙaunar wancan addinin ba. Tana nuna abin da mutum ba zai iya saki ba a nasa: wani tauhidi, wani matsayin Annabi Isa, wani jama'arsa.

Tilas ɗin tana cin nasara?

A kan harshe, nan take. A kan zuciya kuwa, masu tilastawar ma ba sa yarda da aikinsu. A 1567 an hana Musulmin Garnaɗa da aka yi wa baftisma magana da Larabci, aka rufe gidajen wankansu, aka ce su bar ƙofofinsu a buɗe ranar Juma'a don a ga ko suna salla. Daga 1609 zuwa 1614 aka kori kimanin 300,000 daga cikin irin waɗannan mutane, shekara ɗari bayan an ce sun zama Kiristoci.

Amma ɓoyo ma yana da tsadarsa, kuma jikoki ke biya. Japan ta haramta Kiristanci a 1614, aka riƙa sa mutanen Nagasaki su taka hoton Annabi Isa ko na Maryamu duk sabuwar shekara. Suka taka, suka ci gaba da ibada a ɓoye ba limami ba littafi, addu'o'in Latin suna rikiɗa a bakinsu daga uba zuwa ɗa. A 1865 wasu daga cikinsu suka bayyana kansu ga wani fada Bafaranshe, Bernard Petitjean, a cocin Oura. Da aka ɗage haramcin a 1873 da yawa sun koma cocin Katolika, wasu kuwa suka ƙi, domin abin da suka gada ya riga ya sha bamban da abin da limaman suka zo da shi.