Waiwaye: yadda na'urar farfaɗo da zuciya ta isa ƙirjin yara

Masu kallon ƙwallo ba za su manta da watan Yunin 2021 ba, lokacin da Christian Eriksen na Denmark ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa. Bayan an ceto shi, likitoci suka dasa masa wata 'yar na'ura da ake kira ICD. Aikinta gadin zuciya dare da rana: da zarar bugu ya rikice irin rikicewar da ke kisa, sai ta sako lantarki ta daidaita shi. Yau har jarirai ana dasa wa irinta, amma fa ba domin su aka ƙera ta ba.

Asalin labarin rashi ne. Dakta Michel Mirowski, haifaffen Warsaw da ya tsira daga kisan kiyashin 'yan Nazi, yana aiki a Isra'ila lokacin da maigidansa Harry Heller ya yi mutuwar fuju'a a 1966 sakamakon rikicewar bugun zuciya. Abin ya tsaya masa a rai. Ya koma Baltimore a Amurka, ya haɗa kai da Morton Mower, manyan likitoci kuwa suka yi ta yi musu dariya. Sai ranar 4 ga Fabrairu 1980 Dakta Levi Watkins ya dasa ta farko a asibitin Johns Hopkins, a jikin wata mata mai shekara 57. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1985.

Waccan ta farko ta kusa rubu'in kilo, a ƙarƙashin fatar ciki ake ajiye ta, kuma sai an tsaga ƙirji. Ina yaro zai kai wannan kaya? Duk da haka akwai yaran da ke cikin tsananin bukata: masu gadon cutar Long QT mai rikita bugun zuciya, masu kumburin naman zuciya, da waɗanda aka yi wa tiyatar nakasar zuciya tun suna goye. Irinsu ne ke faɗuwa a filin makaranta ba tare da wata alama ba.

A farkon shekarun 1990 na'urar ta ƙanƙance, aka koma zura wayar da ke haɗa ta da zuciya ta jijiya. A nan sabuwar damuwa ta ɓullo. Yaro na tsawo, waya ba ta tsawo. Yana tsalle yana kokawa, har ta gaji ta tsinke. Da kamfanin Medtronic ya janye wayarsa Sprint Fidelis a 2007, an lura ta fi saurin lalacewa a jikin matasa. Ga kuma zuciyar yaro mai saurin bugu in yana guje-guje, na'urar ta zaci haɗari ne ta narka masa lantarki. Kusan ɗaya cikin biyar na yaran sun taɓa shan wannan duka ba gaira ba dalili, wasu har suka riƙa tsoron fita wasa. Ni dai a ganina wannan tsoron ne aka fi jinkirin ɗauka da muhimmanci.

A 2012 Amurka ta amince da samfurin da wayarsa ke kwance ƙarƙashin fata, ba ta shiga zuciya, sai dai girmansa ya fi dacewa da manyan yara. Jarirai kam har yanzu dabara likitoci ke yi: na'ura a ƙarƙashin fatar ciki, waya a ɗinke a jikin zuciya ta waje. Batir kuma kan ƙare cikin shekara biyar zuwa goma, don haka ɗan shekara shida da aka dasa wa yau zai koma ɗakin tiyata sau da dama kafin ya yi furfura.