Waiwaye: Wa ke samun gurbi a kulob ɗin firamare?

Sikawut ta iso Najeriya a 1915, shekara takwas bayan Baden-Powell ya assasa ta a Ingila, ta 'yan mata kuma ta biyo baya a 1919. A makarantun elementare na Arewa zaɓen wanda zai shiga irin waɗannan ƙungiyoyi bai zama abin rigima ba, domin yaran ba su da yawa. A wancan zamani boko ce ke neman yara, har hakimai da dagatai su bi gidaje suna karɓo su. Malami ya san kowa, ya san ubansa.

Al'amarin ya sauya ne a watan Satumba na 1976, da gwamnatin Obasanjo ta buɗe shirin UPE, wato ilimin firamare kyauta ga kowane yaro. An yi tanadin yara kusan miliyan 2.3 masu shiga ajin farko a faɗin ƙasar, sai wajen miliyan 3 suka bayyana. Aka sake ƙaddamar da irin wannan shiri da sunan UBE a Sakkwato a 1999, dokarta ta fito a 2004. Azuzuwa suka cika maƙil. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami guda ga yara 35, amma a Kano ko Kaduna ba abin mamaki ba ne ka tarar da fiye da ɗari a aji guda, wasu a kan tabarma.

Abin da bai sauya ba shi ne yadda ake zaɓe. Har gobe yatsan malam ne: “Kai, kai, da ke, ku fito.” Su wa yatsan ke nunawa? Monita, da mai ɗaukar na ɗaya, da ɗan malamin makarantar, da wanda Turanci ya zauna a bakinsa. Su ne a muhawara, su ne a kacici-kacici, su ne a faretin Ranar Yara na 27 ga Mayu. Ban ga laifin malamin sosai ba, shi ma kofi ake so ya ciyo wa makaranta. Sai dai kulob ya tashi daga wurin koyo ya koma wurin baje kolin waɗanda suka riga suka iya.

Sannan ga kuɗin kaki da takalmi, wanda shi kaɗai ya isa ya tankaɗe ɗan talaka. Ga lokaci: idan bayan tashi ake atisaye, yarinyar da farantin talla ke jira ko yaron da zai wuce Islamiyya sun fita ke nan, ba wanda ya kore su. Yara masu buƙata ta musamman kuwa, duk da dokar hana nuna musu wariya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, da wuya ma a tambaye su ko suna so.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Hedimasta da kwamitin iyaye za su iya sa kulob cikin jadawalin darasi, a riƙa karɓa-karɓa kowane zango, in masu so sun fi gurbi yawa a jefa ƙuri'a a gaban yaran, a rubuta sunan wanda bai samu ba don ya zama na farko a zango mai zuwa.