Me ake nufi da "wankin ƙwaƙwalwa" a asibitin gwamnati?

A Garwa da Marwa da Ngaundere, a arewacin Kamaru, in yaro ya yi nisa a tramol har ya gagari gida, abin da za ka ji dangi suna faɗa shi ne a kai shi a yi masa wankin ƙwaƙwalwa. Wasu su ce wankin jini. A takardar likita kuwa, da yake da Faransanci ake rubuta ta, sai ka ga an sa sevrage, wato yaye jiki daga ƙwaya. Mutane da yawa sun ɗauka wani ruwa ne na musamman da za a ɗaura wa yaro ya kwana uku ya fito tas. Ba haka abin yake ba, kuma wannan rashin fahimta yana jawo asarar rai.

Aikin kashi biyu ne. Na farko shi ne raba jiki da ƙwaya a gaban likita. Na biyu, wanda ya fi tsawo kuma aka fi yi masa gajen haƙuri, shi ne zaman jinya bayan jiki ya lafa.

Babu mai wanke ƙwaya daga jini. Hanta ce ke narkar da ita, ƙoda ta zubar, kuma tramol ba ya wuce kwana biyu zuwa uku a jiki in an daina sha. Wahalar tana farawa ne daidai lokacin da ƙwayar ta fita. Tramol maganin ciwo ne dangin morfin, kuma wani kamfanin Jamus ne ya fara sayar da shi a 1977. A asibiti ƙwayar miligiram 50 ko 100 ake bayarwa, kuma ba a yarda babba ya wuce 400 a yini ba. Wanda ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa kuwa, akwai mai 225 a ƙwaya ɗaya, kuma za ka sami mai haɗiye biyu da shayin safe, ya ƙara da azahar. In aka ɗauki watanni a haka, ƙwaƙwalwa ta gyara zamanta a kan ƙwayar. Ranar da aka janye, jiki gaba ɗaya zai yi bore.

Cikin yini guda abin ke tashi. Hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina suna zuba, tsigar jiki ta tashi a tsakiyar zafin Marwa. Kwana na biyu da na uku su ne mafi wuya: gudawa, amai, murɗar ciki, ƙasusuwa suna ciwo, ƙafa ta ƙi tsayawa wuri ɗaya a kan gado, barci ya ƙaurace. Tramol yana da wani hali da sauran danginsa ba su cika yi ba, domin yana taɓa sinadaran da ke riƙe da natsuwar zuciya. Shi ya sa wasu ke shiga firgita, su ji ana kiran sunansu, su ga abin da babu. A nan ne gida ke cewa aljanu ne, alhali janyewar ƙwaya ce, kuma tana wucewa. Yawanci tsakanin kwana 4 zuwa 10 jiki ke saki.

A waɗannan kwanaki za ka ga uwa a bakin ɗaki da kular abinci tana roƙon ma'aikacin jinya: "Ɗan nan, don Allah a ƙara masa ruwa ko ya wanke." Shi kuma ya ce, "Inna, ruwan na gudawar da ya yi ne, ba shi ke cire ƙwayar ba." Gaskiya ya faɗa mata. Abin da asibiti ke yi shi ne auna hawan jini da bugun zuciya, ba da maganin amai da na ciwon jiki da na barci gwargwado, a wasu lokuta kuma rage ƙwayar kaɗan-kaɗan maimakon yanke ta lokaci guda. Ana kuma duba abin da ƙwayar ta daɗe tana rufewa, kamar ciwon hanta, tarin fuka, ko ciwon damuwa da ya riga shaye-shayen zuwa.

Ba kowace ƙwaya ce yankewarta ke zuwa iri ɗaya ba, kuma ina so iyaye su riƙe wannan da kyau. Janyewar tramol azaba ce, amma ba kasafai take kisa ba in ana kula da ruwan jiki. Giya da diazepam, maganin sa barci da yara ke kira D5, su ne masu haɗari. Wanda ya shekara yana shan bilbil ko arki ko giyar leda kullum, in ya yanke farat ɗaya, hannu kan fara rawa cikin awa 6 zuwa 24, farfaɗiya na iya biyo baya, a kwana na biyu zuwa na uku kuma ya rikice da zazzaɓi da gane-gane. Wannan yana kashe mutum. A asibiti ana tare shi da magani mai kwantar da jijiya da bitamin B1. D5 kuwa makonni ake ɗauka ana rage shi. Yaran yanzu ba abu ɗaya suke sha ba, suna haɗa tramol da D5 da wiwi. Saboda haka kulle yaro a ɗaki, ko kai shi inda za a sa masa mari a ce yunwa da bulala za su fitar da abin, wasa da rai ne. A 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti, malami na iya zuwa ya yi a bakin gado.

A Kamaru akwai kwamitin ƙasa na yaƙi da miyagun ƙwayoyi tun 1992, kuma ma'aikatar lafiya ta buɗe cibiyoyin da ake kira CSAPA a cikin manyan asibitocin gwamnati domin masu shaye-shaye. Nan ne ƙofar farko. Su ne za su auna su ce wannan kwanciya yake bukata, wannan kuma zai iya zuwa daga gida. Wurin likita ne, ba wurin jandarma ba, kuma abin da mara lafiya ya faɗa wa likita amana ce.

Kashi na biyu shi ne zama. Jiki ya warware a mako guda, amma kwaɗayin ƙwayar da rashin barci da mutuwar jiki suna kai watanni. A zaman jinya ana tashi a kan lokaci, a ci a kan lokaci, a zauna da likitan ƙwaƙwalwa, a zauna da 'yan uwa masu irin matsalar, a kira iyaye ko mata a yi magana. Ana binciken kayan masu ziyara, domin aboki kan tura ƙwaya cikin burodi yana ganin taimako ya yi. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ce jinyar da ba ta kai wata uku ba, a kwance ko ana zuwa daga gida, amfaninta kaɗan ne, kuma kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan koma. Kusan haka yake da hawan jini da asma, kuma ba wanda ke cewa maganin hawan jini ƙarya ne don jini ya sake hawa.

A wajenmu komawar tana da dalili na musamman, domin mutane da yawa don aiki suka fara, ba don nishaɗi ba. Mai mashin ɗin haya da ke kan hanya tun asuba, ɗan dako, manomin auduga. A 2013 wasu masana sun ba da sanarwar cewa sun sami tramol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, har aka ɗauka itacen ne ke yin sa. Shekara ɗaya bayan haka masana daga Jamus suka gano cewa manoma ne ke sha suna kuma ba shanun huɗa don kada su gaji, fitsarin ya shiga ƙasa, saiwa ta zuƙa. Wanda aka sallama ya koma kan mashin ɗin nan, da balas ɗin da zai kai wa mai shi kowace yamma, da mai shayin da ke sayar da ƙwayar a tashar, mako guda a gadon asibiti ba zai ishe shi ba. Dole dangi su zauna tun kafin sallama a yi maganar sauya tasha, rage awannin aiki, da wanda zai riƙa raka shi ganin likita.

Makonnin farko bayan sallama su ne mafi haɗari. Jiki ya manta da yawan da ya saba ɗauka, sai mutum ya zame ya haɗiyi adadin da yake sha a da, ya faɗi da farfaɗiya ko numfashi ya tsaya. In kun same shi ba ya tashi ko an jijjiga shi, numfashi yana ja a hankali da minshari, leɓe ya sauya launi, kada a ɗura masa madara ko manja. A kwantar da shi ta gefe, a nufi asibiti nan take, a kuma tafi da fakitin abin da ya sha domin likita ya gani. Akwai allurar naloxone da ke dawo da numfashi in an iso da wuri.