Kafaffen ra'ayi

A ilimin halayyar ɗan Adam, kafaffen ra'ayi shi ne matsayin da mutum ya riƙe gam a kan wani al'amari, ya daɗe a kansa, yana aiki da shi, kuma hujja ba ta kawar da shi cikin sauƙi. Galibi irin wannan ra'ayi a haɗe yake da aƙidar mutum da jama'arsa da mutuncinsa, shi ya sa in an soki ra'ayin sai mai shi ya ji kamar shi aka soka.

A 1954 masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger da abokan aikinsa sun kutsa cikin wata ƙungiya a Amurka da ta yi imanin za a yi gagarumar ambaliya ranar 21 ga Disamba. Ranar ta zo ta wuce lafiya. Amma, a cewar Festinger da abokan aikinsa, waɗanda suka bar aikinsu suka rabar da dukiyarsu saboda hasashen ba su saduda ba, sai ma suka fito neman mabiya. A 1957 Festinger ya bayyana dalili: idan abin da ya faru ya ci karo da abin da mutum ya yi imani da shi, zuciya ba ta samun sukuni, kuma sake fassara abin da ya faru ya fi sauƙi a kan mutum ya ce ya yi kuskure, musamman bayan ya yi asara a kai.

Hujja ma ba a auna ta da mudu ɗaya. A 1979 Charles Lord da Lee Ross da Mark Lepper na Jami'ar Stanford sun ba ɗalibai 48, masu goyon bayan hukuncin kisa da masu adawa da shi, rahotanni biyu masu saɓa wa juna a kan hukuncin. Kowane ɓangare ya yaba wanda ya yi daidai da ra'ayinsa, ya shiga tonon aibin ɗayan, ya kuma ce ya ƙara samun tabbaci. Abin damuwa shi ne ba ƙarya suke yi ba, da gaske suna ganin adalci suka yi.

Matsa lamba na ƙara dagula lamarin. Jack Brehm ya nuna a 1966 cewa wanda ya ji ana neman tauye masa 'yancin zaɓi yakan ƙara kafewa. Sai dai bai dace a ɗauka gyara ba ya da amfani ba: binciken Thomas Wood da Ethan Porter a 2019 ya gano cewa mutane sukan karɓi gyaran bayanin da suka riƙe bisa kuskure, ko da ya saɓa wa ɓangaren siyasarsu.