Tasirin tsarin umarni a aikin harhaɗa kaya da hannu

Umarnin harhaɗa kaya shi ne bayanin da ake bai wa mai aiki don ya haɗa sassan abu, kamar kabad, inji ko wayoyin jirgin sama. Yakan zo a rubuce, a zane, ko a bidiyo. Masu bincike kan auna lokacin da aikin ya ci da yawan kurakuran da aka tafka, kuma sun gano cewa mutum ɗaya, da kaya iri ɗaya, aikinsa kan bambanta gwargwadon yadda aka tsara masa bayanin.

Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Amurka suka fahimci haka. A shirin horas da ma'aikata na TWI (Training Within Industry, wato horo a cikin masana'anta), malami kan bayyana yadda ake wani ƙulli na wayar lantarki da baki kawai, ba wanda zai iya. Sai ya nuna da hannu yana fuskantar ɗaliban, nan ma su kasa, domin damansa ita ce hagunsu. Sai ɗalibi ya tsaya a gefensa, ana nunawa ana faɗa, sannan ƙullin ke zama.

A 2003, Maneesh Agrawala da Barbara Tversky da abokan aikinsu a Jami'ar Stanford sun sa mutane haɗa teburin talabijin. Zanen da ya fi amfani shi ne mai tafiya mataki-mataki, wanda ke nuna sashen da za a ɗora a ware, da layi ko kibiya zuwa ramin da zai shiga. Hoton kayan bayan an gama haɗa shi bai kai wannan ba, don yakan ɓoye inda sukuru ya shige. Kamfanin kayan ɗaki na IKEA na Suwidin ya dogara da zane kusan zalla, abin da ke sauƙaƙa masa sayarwa a ƙasashe masu harsuna daban-daban, sai dai zane ba ya iya cewa “kada ka ɗaure sosai tukuna” kamar yadda kalma ke yi.

Wani sanannen bayani kan dalilin wannan bambanci ya fito daga John Sweller na Ostiraliya, mai bincike kan yadda ake koyo: abin da ƙwaƙwalwa ke riƙewa a lokaci guda kaɗan ne. Idan zane na shafi ɗaya, rubutu na wani, hannu kuma na riƙe da katako, rabin hankalin ya tafi wajen waiwaye. Wata hanyar rage wannan waiwaye ita ce kawo umarnin kan aikin kansa: Tom Caudell da David Mizell na kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing, a farkon shekarun 1990, sun gwada tabarau mai haska umarni a kan allon shimfiɗa wayoyin jirgi. Wani gwaji na 2003 a Jami'ar Jihar Mishigan ya samu raguwar kurakurai da kashi 82 cikin 100 da irin wannan tsari, amma da tubalan wasan yara aka yi shi, ba a masana'anta ba.

Ƙwarewa ma kan juya lissafin: dogon bayanin da ke taimakon sabon shiga yakan rage wa tsohon hannu sauri.