Makka Ba Ita Ce Babban Birnin Saudiyya Ba

'Yan uwa, mu Hausawan da ke zaune a Jidda da Makka mun daɗe muna jin ana cewa Makka ce hedikwatar Saudiyya, kuma ita ta fi kowane gari yawan jama'a. Ba abin mamaki ba ne, domin wanda ya ga cunkoson aikin Hajji zai ɗauka haka.

Riyad ce fadar gwamnati. Ƙidayar 2022 ta nuna tana da mutum kusan miliyan 7, Jidda kimanin miliyan 3.7, Makka kuma kimanin miliyan 2.4. Yawancin alhazai baƙi ne, suna gamawa su koma gida.

Wani abin da ke rikita lissafin shi ne, Jidda da Ɗa'ifa duk suna cikin lardin Makka. Don haka duk adadin da kuka gani, ku duba: na birni ne ko na lardi? Wace shekara aka ƙirga? Hukumar ƙididdiga ta ƙasar tana wallafa alƙaluman a intanet.

Arzikin ma a rarrabe yake. Ma'aikatun gwamnati suna Riyad, tashar jiragen ruwa tana Jidda, man fetur kuwa yana gabas, wajen Dammam.

Don Allah ku tura wa 'yan uwa wannan bayani.