Rage ƙiba ga mai gudun fanfalaki

Rage ƙiba ga mai gudun fanfalaki shi ne mutum ya taƙaita abin da yake ci don kitse ya sauka, amma ba tare da ya kashe ƙarfin da yake gudun da shi ba. Abu biyu ne da ba su cika shan inuwa ɗaya ba, don shi mai son ramewa so yake abin da ya ci ya gaza wanda jiki ya ƙona, shi kuwa gudu mai nisa, kilomita 10 ne ko 21 ko cikakken gudun yada ƙanin wani mai kilomita 42.195, ci gare shi kamar gara. A Jos maganar nan ta shafi mutane kala biyu, masu fitowa da asuba wajen Rayfield don rage tumbi, da kuma 'yan wasa na gaske irin yaran Pankshin da ake ji da su a gudun dogon zango a Najeriya.

Lissafin abin

Mai gudu yana ƙona kusan kalori 1, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Kenan mai kilo 70 in ya yi kilomita 10 ya ƙona wajen kalori 700. Kilo ɗaya na kitse kuwa yana ɗauke da kusan kalori 7,700, wato sai ya yi kilomita 110 kafin ya narkar da shi in gudu kaɗai ya dogara da shi. Shi ya sa ake haɗawa da gyaran cin abinci, kuma abin da masana abincin 'yan wasa suka fi ba da shawara shi ne a rage kalori 300 zuwa 500 a rana, nauyi ya riƙa sauka bai wuce rabin kilo a sati ba.

Man da jiki ya fi gudu da shi ana ce masa gilaikojin, sitaci ne da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta, duka-duka wajen kalori 2,000 ne, dalilin kenan da za ka ga mutum ya kai kilomita 30 da wani abu ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Kowane giram ɗaya nasa yana riƙe da kusan giram 3 na ruwa, to wanda ya yanke tuwo da shinkafa lokaci guda zai hau sikeli bayan sati ya ga kilo biyu sun tafi ya yi ta murna, alhali yawanci ruwa ne ya fita, kitsen na nan daram, ga shi kuma hawan da yake cinyewa da sauƙi yanzu sai ya tsaya ya dafa gwiwa. Haka masu ɗaura leda a ciki su ɗora rigar sanyi biyu a lokacin hunturu wai don su yi zufa, suna gamawa su kwance ledar ruwa na tsiyaya, wannan ma ruwa ne, suna sha ya dawo.

Illar wuce gona da iri

A 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya fitar da sunan RED-S ga halin da ɗan wasa ke shiga idan abincinsa bai ishi atisayensa da sauran ayyukan jiki ba. Kafin nan mata aka fi dangantawa da shi, amma maza ma yana kama su. Ma'aunin da aka fi ambata shi ne bayan an cire abin da gudu ya ƙona, in abin da ya rage ya yi ƙasa da kalori 30 a rana a kan kowane kilo na jiki ban da kitse, to an shiga haɗari. Alamomin su ne ɗaukewar al'ada ga mace, raguwar sha'awa ga namiji, tsagewar ƙashin ƙauri ko na ƙafa, yawan mura, rashin barci, saurin fushi. Abin da ke da ban tausayi shi ne a watannin farko gudun har ƙaruwa yake tunda jiki ya yi sauƙi, sai yarinya ta ɗauka ta samo sirri, koci ma ya yaba, ba a farga sai ƙashi ya tsage. Ɗaukewar al'ada ba alamar ƙwazo ba ce, maganar asibiti ce.

Yadda ake daidaitawa

Lokaci shi ne babba. Ana rage nauyi ne a watannin da ba gasa a gaba, in saura 'yan makonni a shiga tsere sai a koma cikakken ci. A cikin sati ma ba kullum ake ragewa ba, ranar hutu ko ranar sassarfa ita ake taɓawa, amma ranar gudu mai nisa da daren da ya gabace ta a ci tuwon acca ko dankalin turawa ko gwate a ƙoshi. Gudun da ya wuce minti 90 yana son giram 30 zuwa 60 na sitaci ko sukari a kowace awa, dabino da ayaba sun wadatar. 'Yan Kenya da ake kwatance da su, tuwon masararsu da suke kira ugali shi ne jigon abincinsu.

Inda ya kamata a yanka shi ne mai da lemon kwalba. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne, kwalbar lemo mai rabin lita ta kai 200, ka ga rage waɗannan biyun kawai ya kusa cika lissafin rana. Furotin kam ƙara shi ake don kada tsoka ta zube tare da kitsen, wajen giram 1.6 zuwa sama a rana a kan kowane kilo na nauyin jiki, daga wake, ƙwai, awara, nono, kifi.

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma atisaye a tudu yana ƙara wa jiki buƙatar sinadarin ƙarfe don haɗa jini, musamman mata. Hanta da nama da zogale suna taimakawa, sai dai shan shayi a kan abinci yana rage yadda jiki ke tsotse shi, gara a ba da tazarar awa guda. A watan azumi kuma yawancin masu gudu kan mayar da atisaye mai nauyi bayan shan ruwa ko bayan tarawihi, su bar maganar rage abinci sai bayan sallah.